Littafin Saƙonnin Kawu

Jiya na ga gara a kwabata, sai marigayi Kawu ya faɗo min a rai. Shi ke riƙe oba-obar rundunarsu lokacin yaƙin basasa. Kowane saƙo ka kawo masa, sai ya ce, "Maimaita in ji."

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ya tako daga Tarauni har shagona a Gyaɗi-Gyaɗi da wani littafi mai ƙamshin kafur, inda ya rubuta wurin da kowace runduna take da saƙonninta. Ya ce, "Tawadar na dusashewa, kwafe min."

Na jefa shi kwaba, gara ta cinye. Da ya tambaya, na ce na kwafe. Ya daɗe yana kallona, bai ce in maimaita ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa ka yafe min.