Abin da Ya Karkatar da Harbin Baba

Baba maharbi ne. Tun ina ƙarama, in birai suka addabi gonar wani a ƙauyenmu, shi ake aikowa a kira. Bindigar toka gare shi, wadda ake ɗurawa ta baki, kuma bai taɓa yarda wani ya ɗura masa ba. Shi ke narka dalmarsa, shi ke auna albarushi da wani ɗan ƙahon akuya da ya gada wurin mahaifinsa. Ban taɓa jin an ce ya kuskure ba sai a shekarata ta biyu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina goyon 'yata ta fari.

Inna ce ta fara faɗa mini a waya. Ta ce sau uku a damina ɗaya ya harba, birai suka tsaya suna kallonsa. Ta ce ya canza albarushi, ya canza dalma, ya canza tsumman da yake dannawa a kai, kullum harbin sai ya zame gefe guda. Har maƙerin garin, abokinsa tun na yarinta, ya je ya tsare a gaban mutane, wai tun da ya yi wa bindigar gyara bakinta ya karkace. Sun daina gaisawa.

Sai Baba ya karɓi wayar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, ƙahon nan ne ya cinye, ba ya auna daidai. An ce a garinku akwai ɗan sikeli irin na masu zinariya. Shi za ki nemo mini."

Maigidana yana harkar tura kaya gida daga kasuwar Canaan. Da na gaya masa, ya ajiye cokali ya dube ni. Ya ce in saya, amma ko da wasa kada kalmar bindiga ta fito daga bakina a ƙasar nan, ko a waya mai fassara. Da wannan tsoron na fita, yarinya a baya. Shago uku a wajen kasuwar Zhanxi suka ce mini "meyo", wato babu. A na huɗu matar da ke shagon ta fito da shi, bai fi tafin hannuna ba. Ta latsa wayarta, wayar ta tambaye ni me zan auna. Na ce ganyen shayi.

Washegari na kira su da hoto, wurinsu hantsi, wurinmu la'asar ta gabato. Na ɗaga sikelin don Baba ya gani. Sai na ga ya juya fuska gefe, yana leƙen wayar kamar yadda kaza ke leƙen tsaba. Ni ban yi nisa a karatu ba, amma in na ga abu sau ɗaya ba ya fita daga kaina.

"Baba, ina so in ga yadda take yi."

"Me kika sani a bindiga, uwata? Ke da kike toshe kunne tun ban ɗura ba."

Ya yi dariya, amma ya tashi. Inna ta bi shi da wayar zuwa bayan gari, inda ya rataye wani tsohon faranti a jikin kututture. Farantin lafiya lau yake. Bawon itacen da ke gefensa ne duk ya ɗaye.

Ya durƙusa, ya kafa gindin bindiga a kafaɗar dama kamar kullum. Na sha zama a bayansa ina yarinya, na san idon hagu yake rufewa, har kumatun hagun ya tattare. Ranar nan sai na ga ya miƙa wuya ya ƙetara bindigar da fuskarsa, yana neman saiti da idon hagun. Na dama kuwa a buɗe yake, yana kallon inda ba kowa.

"Baba, tsaya, kada ka harba."

"Mene ne kuma?"

"Jikarka ce ta farka. Ka sa hannu ka rufe idon hagu, ka faɗa mini kalar hular da na sa mata."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Don Allah, Baba."

Na kwanto ta, na kawo ta gaban wayar. Inna ta matsa kusa da shi. Ya rufe idon. Ina jin kukan kurciya daga can, a nan kuma motoci na wucewa ƙarƙashin tagarmu.

"Ja ce," in ji shi.

Babu hula a kanta. Ranar ma na yi mata aski.

Na zauna a ƙasa. Mutumin da ke hango wutsiyar biri a cikin dawa tun daga bakin rafi, yau bai ga kan jikarsa ba a tazarar kamu ɗaya.

"Tun yaushe, Malam?" Inna ta tambaye shi.

"Tun bara. Kamar hayaƙi ne. Na ɗauka zai wuce." Ya kwantar da bindigar a ƙasa, bakinta na kallon daji. "To sikelin fa, uwata?"

Ban taɓa gindaya wa Baba sharaɗi ba a rayuwata. Amma ranar na ce sikelin yana hannuna, ba zai shiga kayan kowa ba sai likita ya duba idon. Na jira ya yi faɗa. Bai yi ba, kuma wannan ya fi firgita ni.

Bayan sati biyu suka tafi Kano. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, kuma ana cirewa. Na ba wani ɗan garinmu da ya zo saro takalma sikelin ya kai masa. Inna ta ce ko kwalin bai buɗe ba. Ranar da za su koma a yi aikin, motar kasuwa na jiransu a bakin hanya, ya ce direba ya yi haƙuri. Ya taka har maƙera, ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama.