Ruwan Zafi a Tsohuwar Marina

Ginin da nake shara a cikinsa, a bayan garin Lyon, da can masana'antar rini ce. An kwashe injuna, an zuba ofisoshi. Fuskar ginin kaɗai aka bari yadda take: dogayen tagogi, kan bango hawa-hawa kamar matakala, ƙofar ƙarfe mai zanen rana tana fitowa. Turawa har hoto suke zuwa ɗauka. Ni dai a wurina, kango ko an shafa masa fenti kango ne.

Mu biyu ke aikin safe, ni da wata dattijuwa 'yar garin Tawa da nake kira Inna. Ran nan wurin zubar da ruwa ya toshe, sai na sauka ɗakin ƙasa da ba a gyara ba. Na ga tsohuwar magudana a daɓe, na juye bokitin ruwan zafi da javel, wato bilic, a ciki. Sai da ruwan ya wuce na tuna ban yi bismilla ba.

Wani wari ya taso ya shaƙe ni. Da rarrafe na hau sama. Na kira gwaggona da ke sayar da atamfa a Barbès, can Paris.

"Ke 'yar nan, ruwan zafi a kango ba bismilla? Kin ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye! Yi sadaka, ki ja bakinki."

Na ja bakina. To me zan ce wa shef, shugabanmu na aiki? Aljanu?

Washegari Inna ta ji ina tari.

"Yarinya ƙarama kina tari kamar tsohuwar mota? Kawo bokitin. Ina kika zubar jiya?"

Na nuna mata matakala. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Inna, ki yi bismilla."

"Ni za ki koya wa?"

Ta yi kuwa. Da kunnena na ji, sannan ta sauka da bokitin.

'Yan kwana-kwana ne suka fito da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Suka ce ragowar sinadarin rini ne a magudanar, ya haɗu da javel. Ɗayansu ya tambaye ni ko wani ya taɓa jin warin kafin yau. Na girgiza kai.

An toshe ramin da siminti. Inna ta rayu, amma ko hawa ɗaya ba ta iya yi sai ta tsaya neman numfashi. Duk Lahadi nakan kai mata tuwo gidanta a unguwar Vaulx-en-Velin. Ta riƙe hannuna, ta ce Allah ya yi mini albarka. Har yau ban faɗa mata ba.