Ruwan da Na Hana Shi

Ɗan ƙanwar babana a gidanmu na unguwar Gardole ya tashi, da ruwan rijiyarmu Inna ta riƙa yi masa wanka tun yana rarrafe. Da ya dawo daga karatu da digirinsa na ilimin ruwa, har kaza ta yanka masa. Ba a jima ba ya zo da 'yan kwalabe ya ɗebi ruwan rijiyar don ya auna, ya ɗauki Inna hoto tana jan guga. Baiwar Allah har da gyara ɗaurin kallabi.

A lokacin Inna karkanji, wato zoɓo, da ruwan tsamiya take ƙullawa a leda, masu shagunan layinmu duk nata suke jira da azahar. Da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, har da shi mai digirin.

Sai ya gayyace mu laccarsa a ɗakin taron wata makaranta. Muka ci ado muka zauna a sahun gaba. Ya yi bayanin kogin Shari, yadda ake sare itatuwan bakinsa, ƙasa tana zaizayewa, kifi yana ƙaranci. Ya iya bakinsa, ni ma na tafa. Can sai ga hoton Inna a jikin bango, ta fi ƙofa girma. Ya ce ga misalin rijiyar da ke dab da masai, ga ƙwayoyin cutar da ya gano a ciki, kuma da wannan ruwan ake haɗa abin sha ana sayar wa jama'a. Da Faransanci ya faɗa, ya maimaita da Larabci don kada a bar kowa a baya.

Larabcin ne ya sami Inna, don shi take ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska, rabin unguwarmu kuwa na zaune a bayanmu.

Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma ranar da ta gabata a ɗakinta ya ci tuwo, me ya hana shi faɗa mata a nan? Da na tare shi, cewa ya yi, "Yaya, ilimi ne fa, ba gaba ba." Tun daga ranar na tsane shi, kuma ban ɓoye ba.

Ledojin Inna suka riƙa dawowa yadda suka fita. Yara suka sa mata suna mai ruwan masai. Muka rufe rijiyar, daga baya muka koma unguwar Gassi, inda ba wanda ya san mu. Har ta koma ga Allah ba ta sake yarda an ɗauke ta hoto ba, shi kuma bai taɓa zuwa ya ba ta haƙuri ba.

Ranar sadakar uku sai ga shi, tsakar rana, ya sha doguwar tafiya a motar haya, rigarsa sharkaf da gumi. A gidanmu ko maƙiyi ya shigo, ruwa ake fara miƙa masa kafin gaisuwa. Na karɓi tiren ruwan da kaina. Na ba na damansa, na ba na hagunsa, na wuce. Na sake zagayowa na wuce. Duk a kan idon dattawa.

Da ƙishi ya ci ƙarfinsa ya ce a hankali, "Yaya, a taimaka mini da ruwa."

Na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji, da Hausa, sannan da Larabci.

"Ayya, dokta. Ba a auna shi ba."