Hadarin da ke cikin tabarau

Surukina, uban maigidana, shi ne mai duban sama a ƙauyenmu, tsakanin Tozai da Isa. Ba sarauta ba ce, amma in ya tsaya bayan la'asar ya dubi gabas ya ce ruwa na tafe, kowa sai ya ɗauko iri. Shekara da shekaru bai ba mutane kunya ba.

A shekara ta biyu ta fari sai Baba ya fara ganin hadari kullum. Rana na ƙuna, sama wayam, shi ko ya ce gabas ta haɗo. Maza suka ce mai ilimin abu yana ganin abin da jahili ba ya gani. Anka yi binne, wato a shuka cikin busasshiyar ƙasa a jira ruwa, iri ya ƙone. Anka sake, tsuntsaye da gara sunka gode. A gidanmu tiya uku ta gero ta rage a tulun da ke ɗakina. In ita ma ta shiga ƙasa ba ruwa, ba mu da abin shukawa, ga yara biyar.

Ni ke kai mishi tuwo, don haka na san abin da maza ba su sani ba. Na ga yana miƙa hannu gefen akushi yana lalube. Na ga ya yi wa turmi sallama. Baƙin idonsa ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono. A ajin yaƙi da jahilci malamarmu ta taɓa faɗa muna wannan yanar ido ce, kuma likita na cire ta. Amma suruka ba ta ɗaga kai gaban uban miji, balle ta ce mishi hadarinsa a cikin idonsa yake. Na faɗa wa maigidan, ya ce in ban da karatun watanni shida me na sani a kan sama.

Sai na kai maganar wajen wata tsohuwa taubashiyar Baba, wadda al'ada ta ba ta damar faɗa mishi duk abin da ta ga dama. Washegari ta same shi a ƙofar gida cikin dattawa.

"Bawana, an ce kana hango ruwa daga Burkusuma. To ga hannuna, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce uku. Hannunta na cikin zane.

Don ya ƙaryata ta ne kawai ya yarda anka kai shi Sabon Birni lokacin da masu aikin ido sunka zo. Anka cire mishi yanar, ya dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Da anka kwance mishi ido ya dubi gabas ya daɗe, bai ga hadari ba, sannan ya shiga ɗaki. Maza ba su ji daɗi ba. Wasu sunka ce tun da anka sa mishi wannan abu hadari ya bar garin, da dai an bar tsoho yadda Allah ya yi shi.

Bayan mako uku hadari ya dawo. Baba ya ce ya fara ganin duhu-duhu a gabas, kullum yana ƙara kauri. Gari ya ɗauki murna, har anka yafe wa likita. Ranar Alhamis ya aiko maigidan ya ce in fito da iri, za a shuka da safe.

Na ɗauki buta na kai mishi ruwan alwalar la'asar. Ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu, sai na gani. Baba da babban yatsa yake goge shi bayan ya ci tuwo, in ya so gyarawa ya bi da bakin riga. Miyar kuka ta hau, ƙura ta bi ta, goro ya yi nasa aikin. Ko ni da na leƙa ta ciki sai da na ga damina.

Na jira ya tada salla. Na ɗauki tabarau a hankali na kai bayan ɗaki. A shekarar nan ludayi guda na ruwa abin lissafi ne, rijiya sai an kwana a layi, amma na zuba biyu. Na shafa ɗan sabulu da yatsa, na ɗauraye, na tsane da tsohon kallabi mai laushi, ban murza ba don kar ya karce. Na mayar wurinsa na koma gefe na durƙusa.

Ya idar da salla, ya sa tabarau, ya fita ƙofar gida inda mutane ke jira. Ina jin su ta zana. Baba ya ce gabas wayam take. Wani ya ce ko Baba zai cire ya duba da idon Allah. Baba ya ce da idon Allah ko su da ke gabansa hadari ne. Wani kuma ya tambaya wa ya taɓa tabarau, kamar an fasa rumbun gari.

Da Baba ya shigo ya tsaya nesa da ɗakina, ya juya baya kamar yadda ya saba, ya yi magana da bango.

"A faɗa wa uwar yara ta liƙe bakin tulu da laka. Kuma kullum in za ni duban gabas, a fara bi da wanga abu ta hannunta."

Na ce to, ni ma da bango.

Kwana goma sha tara muna jira, maƙwabta na cewa gidanmu ne ke riƙe da ruwa. Wasu sunka shuka nasu a kan tsohuwar magana. Ranar da ruwan gaske ya sauko, kowa ya gan shi ba tare da an faɗa mishi ba. Munka fasa laka, munka shuka tiya biyu, na ɗebi ta ukun na raba wa gidaje huɗu da nasu ya ƙone. Geron bai yi yawa ba, amma ya kai mu rani.