Maman Duwatsu da Rijiyar da Ta Rufe

Kafin masu shara su gama da baranda, Maman Duwatsu ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Takalminta duk ya ci ƙasa, ga 'yar guduma a jaka, inda wasu ke ajiye turare. Sai ta jera duwatsu a kan tebur, ta goge kowanne da tsumma, ta jira ɗalibai. Haka take yi tun da ƙuruciyarta har zuwa wannan watan da ta yi ritaya.

Jiyoloji take koyarwa, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ranar da ta gaya wa mahaifinta abin da za ta karanta, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Duwatsu kuma? Ke 'yar nan, ga su can bayan gida, je ki yi ta karantawa!"

Ta karanta ɗin, ta kuma koyar. Darasinta ba na zama ba ne. Takan sa ɗalibai a gaba zuwa gindin tsauni, a fasa dutse, a murza ƙasa, a auna. Maigidanta kan ce shi mace ya aura, aka haɗo masa da rabin tsauni, don ko ƙarƙashin gadonsu duwatsu ne.

Abin da ba za a manta da shi ba ya faru ne a wata unguwa da ke ƙasa da tsohon wurin haƙar ma'adinai. Yara suna ta ciwon ciki, wasu har da suma. Ƙanwarta, wadda nas ce a asibitin unguwar, ta kawo mata ruwan rijiyarsu a kwalba. Gwaji ya nuna gubar dalma ce a ciki.

Da ƙafarta ta je, ta tara mutane a bakin rijiyar ta ce a rufe ta a ranar.

Wata tsohuwa ta dire bokitinta. "'Yata, in kin rufe, me za mu sha? Kakannina ma nan suka sha."

"Gaskiyarki, Iya. Amma tun da aka yi haƙa a can sama ruwan ya lalace. Ba zan bar unguwar nan ba sai na samo muku wani."

Aka rufe, mata suka koma ɗebo ruwa daga nesa. Maman Duwatsu ta san haƙurinsu ba zai yi nisa ba, kuma ranar da ya ƙare murfin nan zai tashi. Ta kwaso na'urar auna ƙasa, ita da ɗalibanta suka yi ta shimfiɗa wayoyi a rana har gwiwarta ta kumbura. Inda aka fara haƙawa, ƙura kawai ta fito. A wuri na gaba ruwa ya yi tsiri, mata suka ɗau guɗa. Amma da ta gwada, sai ta tarar gubar ta kai can. Ta ce a toshe.

Nan fa ran mutane ya ɓaci. Mai injin haƙa ya ja ta gefe.

"Malama, ni fa na gaji. Mutanen nan sun kusa jifanmu."

"In jifa ne, ni za a fara samu, kuma duk dutsen da suka ɗauka na san sunansa. Tayar da injinka, mu haura bayan tudun can."

Suka haura. Ruwa ya fito, ta hana kowa taɓawa sai da sakamakon gwaji ya dawo. Sannan ta cika kofi ta shanye a gaban jama'a, ta sake cikawa ta miƙa wa tsohuwar nan. Ba duk yaran suka warke sarai ba. Amma daga ranar ba a sake kai sabon yaro asibiti da wannan ciwon ba.

Maman Duwatsu, ke ce kika gwammace a zage ki da a sha guba. Ke ce kika ɗauki abin da kika karanta kika kai shi inda ake kuka. Mace mai kamar maza, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya saka miki da alheri.

Ku kuma da kuka zauna a ajinta, kuna warwatse a ofisoshi da ma'aikatu, ku sani gwiwarta ta gaji. Akwai sauran unguwannin da babu wanda ya taɓa gwada ruwansu. Ku tashi ku je.