Bindigar da Kakana Bai Harba Ba

Shekarun baya, lokacin ina sayar da wayoyi a Kano, ina kuma ganin muddin akwai data a wayata babu abin da zai shige min duhu, ruwan sama ya kayar da bangon ɗakin kakana a ƙauyenmu da ke wajen Tsanyawa. Kakan nan mahaifin babana ne. Ya daɗe da rasuwa, babana ma ya bi shi, don haka ni mahaifiyata ta kira in zo in kwashe ƙasar kafin ta toshe rariya.

Ina cikin aiki shebur ya bugi wani abu. Tukunya ce aka binne a gindin bango, an kifa mata kasko an liƙe da laka. Da na fasa, sai ga ƙunshin fata, a ciki tsumma mai maiƙo, a cikin tsumman kuma wata gajeriyar bindiga wadda ba ta wuce kamu ɗaya ba. Ƙotarta baƙa ce mai santsi, ƙarfen ko tsatsa bai yi ba.

Nan take na ɗauki hoto na tura wa wani abokina. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira.

“Mutumina, ka haye! Irin ta Turawan farko ce. Masu tara kayan tarihi miliyoyi suke zubawa a kan irin wannan.”

Kwana uku ina juya ta. Na haska tocilan waya na leƙa cikin bakinta ya fi sau ashirin, wai ina neman rubutun Turanci. A zuci kuwa har na kama shago na biyu, na biya wa Inna kujerar Makka.

Ita dai ba ta ko taɓa ta ba. “Ni fitar min da ita daga gida,” in ji ta. “Kai wa tsohon maƙerin nan na bayan kasuwa. Duk ƙarfen da ke ƙasar nan ya san uwarsa da ubansa.”

Na tafi ne don kawai kada in saɓa mata. Na tarar da tsohon a kan tabarma a bakin maƙera, yanar ido ta rufe masa gani, ’ya’yansa ne ke aikin. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi gidan da na fito, na ce, “Baba, wata bindigar Turawa na tsinta, nake so a yi mata kuɗi.”

Ya miƙo hannu. Da farko ya juya bakinta ya kalli bango. Ya shafa ƙotar, ya shinshina, ya ce, “Icen ƙirya ne. A ƙasar Turawan akwai ƙirya?” ’Ya’yansa suka kwashe da dariya. Ya bi bututun da babban yatsa a hankali, ya ce daga ƙarfen sitiyarin wata tsohuwar babbar mota aka yanko shi. Sai yatsan ya tsaya a ƙasan kunamar, inda ni ban taɓa dubawa ba. Wata ’yar alama ce kamar sawun zabuwa.

Ya sake shafa alamar.

“Ni na ƙera ta,” in ji shi. “Ina saurayi, ko aure ban yi ba. Miƙo min sillen kara.”

Ya zura sillen a cikin bakin bindigar, ya danne da farce inda ya tsaya, ya zaro ya gwada da tsawon bututun ta waje. Saura yatsa uku bai kai ƙarshe ba.

“A ɗure take, ɗan nan.”

Na tuna idona a bakin nan, da tocilan, sau ashirin.

Ya ce kakana ne ya sa shi ya ƙera ta, wai don ɓarayin awaki. Ashe rikicin iyaka yake yi da mai gonar da ke gabas da tamu, a kan kunyar shuka biyu da kowa ke cewa tasa ce. An je gaban mai gari, aka bai wa maƙwabcin gaskiya. Kakana bai haƙura ba. Wata safiya ya ɗura bindigar, ya soke ta a ƙugu, ya je ya laɓe cikin gamba a bakin iyaka.

“Sai ga mutumin ya taho da fartanya, ya saɓo ’yarsa a wuya, ba ta fi shekara uku ba,” in ji tsohon. “Ya sauke ta ya sunkuya zai fara noma, ya juya wa kakanka baya. Ita yarinyar ce ta hango shi. Ta taho da gudu, ta miƙa masa gyaɗar da ke hannunta, ta ce, ‘Baba, ungo.’”

Tsohon ya share bakinsa. “Kakanka bai harba ba. Daga can nan wurina ya zo, gyaɗar na hannunsa. Na ce ya kawo in kwashe albarushin. Ya ce a’a, a bar ta haka, ya riƙa tuna abin da ya kusa zama. Ya sa na yi alƙawari ba zan faɗa ba sai bayan ransa.” Ya juyo da fuskarsa wajena. “Babanka ai ’yar gidan maƙwabcin nan ya aura. Cikinsu wace ce mahaifiyarka?”

Na ce, “Ita ce ’yar fari.”

“To ita ce mai gyaɗar.”



Babban ɗansa ne ya kwashe ɗurin a bayan maƙera, tsohon na faɗa masa yadda zai yi. Dalma uku suka fito, da baƙin gari. Ya ɗebi kaɗan a bakin wuƙa ya watsa a garwashi. Fuu! Ya tashi da farin hayaƙi kamar jiya aka ɗura shi. Kowa a wurin sai da ya yi salati.

Duk da haka, ɗan kasuwan da ke cikina bai mutu ba. Na ce, “To Baba, nawa za ta yi?”

Ya yi dariya. “In ƙarfen za ka sayar, ’yan gwangwan ba za su ba ka kuɗin tsire ba.”

Muka sanar da mai gari, aka toshe bututun yadda ba za ta ƙara tashi ba, na bar wa tsohon kayarsa.

Da na koma gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce sam ba ta tuna ba. Ta ci gaba da tankaɗe, sai can ta tsaya.

“Shi ya sa,” in ji ta. “Shekara ashirin ina kai masa tuwo, bai taɓa bari na durƙusa ba. Kullum sai ya ce, ‘Tashi, ’yata, ke kin riga kin gama min komai.’ Ni ina zaton irin maganar tsofaffi ce.”

Ta sa gefen mayafi ta goge ido.

Har yau in na je gona na tsaya a iyakar nan sai tsigar jikina ta tashi. Gonakin biyu sun daɗe da haɗewa, gadonmu ne ta uwa da ta uba, ko wurin kunyoyin da aka yi rikici a kai ba mai iya nunawa. Ni da ƙannena shida, da ’ya’yanmu, duk ta wannan safiyar muka biyo. Ina kallon ’yata tana miƙa wa baƙo abin da ke hannunta, ba na iya cewa komai sai “Allahu Akbar.”