Ɗigo na Arba'in da Ɗaya

Ina aji uku a jami'a malamarmu ta sashen binciken kayan tarihi ta sa ni cikin masu fita daji. Aikina bai wuce riƙe na'urar GPS ba. Duk inda aka ga kashin maƙera ko gurbin murhun da mutanen zamanin da suke narka tama a ciki, sai in tsaya a kai, in jira lambar kuskure ta sauka ƙasa da mita uku, in danna. In mun dawo in jona waya, in juye ɗigogin cikin manhajar taswira, in tabbatar ma'aunin na'urar da na kwamfutar iri ɗaya ne. In suka saɓa, sai ka ga murhun da ke kan tudu ya koma tsakiyar rafi.

Filin yana bayan garin Inugu, wani kamfani zai share shi ya gina gidaje. An yi yarjejeniya cewa abin da taswirarmu ta nuna za a kewaye shi da waya a bari, sauran kuma na katafila ne. A gefen filin akwai tsohuwar maƙabartar Hausawa da aka daina binnewa a cikinta tun ina goye. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Malam, yana ciki. Kaburburanmu kuwa ba suna, ba siminti. In damina ashirin ta bi ta kansu, sai wanda ya halarci jana'iza ne zai ce ga su nan. Malama ta ce tunda mutanena ne, ni zan sa su a taswira.

Na ɗauko Baffa, yayan mahaifina mai sayar da albasa a kasuwar Kenyatta, muka hau keke napep tun daga unguwar Uwani. Muna isa bakin wurin ya tuɓe takalmi ya ce, “Nan za ki tsaya. Mace ba ta shiga.”

Ban yi musu ba, don ni ma haka na tashi na tarar. Ya shiga yana nuna kabari ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, ni kuma ina bin 'yar hanyar gefe, in na zo saitinsa in danna. Arba'in na ƙirga. Na koma gida ina ganin na yi dabara.

Washegari na juye su, sai ga ɗigogina sun yi jerin gwano a kan hanya. Malama ta leƙo ta bayana ta ce, “Wetin be dis? Una dey bury people for road?” Wato wai ko a kan hanya muke binne mutane.

Na yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce na'ura ba ta san inda na nufa ba, inda na tsaya kawai ta sani. In aka miƙa taswirar a haka, hanyar ƙafa za a kewaye da waya, katafila ta bi ta kan kakana. Ranar Juma'a za a miƙa, ga shi mazan ƙungiyarmu sun tafi wani aiki da motar sashenmu. Haushin Baffa na fara ji, kafin in yarda cewa ni ce mai karatun.

Na same shi a rumfa, ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, “Baffa, ko in shiga, ko su tone mana Malam.”

Ya dube ni ya ce, “Ba za ki shiga ba, kuma ba za su tone shi ba. Kawo abin.”

A kan buhun albasa na koya masa. Maɓalli ɗaya ne, sai dai jiran lambar ta sauka shi ne matsalar, don ya ce idonsa ba ya ganin rubutu kamar ƙwayar gero. Da na dame shi da maimaici ya katse ni. “Ai dama ba a tsayawa kan mamaci a wuce haka. Zan yi wa kowa addu'arsa, in na shafa in danna.”

Haka aka yi. Tun hantsi har azahar ina zaune a gindin mangwaro ina hangen dattijo da na'ura a hannun hagu, yana durƙusawa yana tashi. Da na juye aikinsa, kuskuren ko'ina bai kai mita biyu ba. Tsawon addu'ar ya ba na'urar lokacin da mu masu hanzari ba mu cika ba ta ba. Ɗigogin sun fito sahu-sahu. Malama ta ce a ba shi digirin, ni in karɓi rumfar.

Sai dai arba'in da ɗaya ne. Na ƙarshen ya fita daga sahu, can shi kaɗai wajen wata bishiyar kashu. A ƙa'idar aiki irin wannan gogewa ake yi, a ce hannu ne ya taɓa maɓalli. Har na kai yatsa, sai na fasa, na ɗauki kwamfutar na koma kasuwa.

Baffa ya daɗe yana kallon ɗigon. “Kar ki taɓa shi,” ya ce. “Ran farko na tsallake shi ne don kina wurin. Ɗan farin uwarki ne. Kwana tara ya yi a duniya.”

Shekarata ashirin da biyu ina zaton ni ce ta fari. Na san iyayenmu mata ba sa kama sunan ɗan fari don kunya, amma ban san kunyar tana bin sa har kabari ba. Na ji zafin abin ƙwarai. Na ja layin iyaka na ƙara masa mita shida ta wajen kashun.

Da yamma na iske Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ajiye kwamfutar kusa da farantin, na ce ga taswirar maƙabarta an gama. Ban nuna mata komai ba. Idonta ya wuce sahun nan duka ya tsaya a kan ɗigo ɗayan.

“Wayar za ta kewayo har nan?”

“Har nan, Inna.”

Ta ce, “To,” ta jawo farantinta.